Ranar da Ƙanƙara ta Riƙe Ƙafar Mamman

Tun da muka dawo daga Maroko ban samu sakat ba. A majalisarmu ta bakin tasha a Ƙaura, a wurin aiki, har a wurin zaman makoki, tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne ƙanƙara ta kusa cinye ƙafar Mamman? Shi kuwa Mamman kullum da irin labarin da yake bayarwa. A kasuwar Shinkafi ya ce rami ne ya haɗiye shi har wuya. A Zurmi an ce ya ce da hannu ɗaya ya fid da kansa. Ni aikina karanta labarai a rediyo, kuma an koya mini in faɗi abin da na gani in bar wanda ban gani ba. Saboda haka ga abin da ya faru, tun daga farko.

Mamman taubashina ne, ɗan yayan mahaifiyata, kuma ya girme ni. Mutumin Galadi ne, yana sayen fatun awaki a Shinkafi da Jangeru da ƙauyukan bakin iyaka. Wanda ya san taubasantaka ya san yadda muke. Tun muna yara ban taɓa faɗa masa magana ya ce "to" ba, ni ma ban taɓa ce masa ba. Ko maciji na ce masa ga shi nan a bayanka, sai ya gama tsokanata kafin ya waiga. Wasa ne da muka gada, ba a fushi a cikinsa, kuma a gida bai taɓa cutar da kowa ba.

Wani majemi a birnin Marrakesh, ana ce masa Si Ahmad, ya ga jajayen fatun Mamman a hannun wani ɗan Maraɗi, ya gayyace shi ya kawo samfuri. Faransancin Mamman na bakin iyaka ne, bai wuce gaisuwa da ciniki da gardama da 'yan duwan, wato kwastan, ba. Ni kuwa na yi Larabci a makaranta. Sai ya ce in raka shi in yi masa tafinta.

"Ka ga ka samu aikin da ya dace da kai," in ji shi. "Ubangida shina magana, bawa shina hwassara."

Na ce masa ba a taɓa ganin ubangidan da ke warin kirgi ba.

Mun bar Ƙaura cikin tsakiyar bazara, lokacin da yara ke layi a gidajen masu firji don sayen ƙanƙara. Hanyar Gusau tana nan yadda kuka san ta. Akwai wuraren da hira ke mutuwa a mota, direba ya kashe rediyo, kowa ya koma salati yana kallon daji ta gefen ido. Daga Gusau muka yi Abuja, daga can Legas, sannan jirgi ya sauke mu a Kasablanka.

A wurin bincike wani jami'i ya buɗe jakar Mamman. Ya fara cin karo da ƙullin yaji, ya kwance, ya shinshina, ya yi atishawar da ta sa abokan aikinsa suka waigo. Ya ga kilishi ya ajiye gefe, ya ce doka ta hana shiga da nama. Da ya kai ga fatun sai ya shafa ɗaya a hankali, ya ce wannan aikin ƙasarsu ne, a ina muka saya?

"Hwaɗa mai akuyar Shinkafi ta," in ji Mamman. "Hwaɗa mai kakannin kakanninmu ka aiko musu da ita bisa raƙuma, su ko su sa mata sunansu."

Na faɗa masa, amma na rage zafin maganar. Mutumin ya yi dariya ya rufe jakar. Kilishin dai a can ya kwana, kuma har muka shiga jirgin ƙasa Mamman yana juyayinsa. A cikin jirgin ne ya samu abin ramuwa, domin layin dogo ya kai Ƙaura, amma jirgi ya daɗe da daina zuwa. Ya dubi kujeru, ya dubi yadda gonaki ke wucewa kamar ana jan tabarma, ya taɓa ni.

"Ɗan Ƙaura, ga jirgin da kuke jira tun kana ɗan yaro. Ashe nan yab ɓace."

Si Ahmad ya tarye mu a tasha. Dattijo ne gajere mai fara'a. Kafin Mamman ya gama miƙa hannu, mutumin ya riƙe kafaɗunsa ya sumbace shi a kunci, dama da hagu. Mamman ya sandare, hannunsa a miƙe, idonsa a kaina. Na ce masa gaisuwarsu ce. Ya ce to a gaya masa mun gaisu, ya isa haka.

Majemarsu ba ta da bambanci da tamu wajen wari, sai dai su suna ba baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci. Abincinsu ne ya fi ɗaure mana kai. Nama mai kyau, an dafa shi a kaskon ƙasa mai murfi kamar malafa, amma da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi a ciki. Babu tuwo, babu shinkafa, burodi ne cokali, burodi ne abinci, safe da rana da yamma. Mamman ya ɗanɗana, sannan ya zaro ƙullin yajinsa ya barbaɗa a gabansa. Cinikin fata kuwa bai ba su wahala ba, sun fahimci juna da yatsu fiye da yadda suka fahimta ta bakina.

Wata safiya muka hau soron gidan shan shayi. Rana tana duka, itatuwan dabino a ƙasa, kamar kana wani gari na arewa da mu. Can nesa kuma, a bayan gari, duwatsu ne jere, kawunansu fari fat.

"Wancan gishiri na ko kanwa?" in ji Mamman.

Na tambaya. Si Ahmad ya ce dusar ƙanƙara ce.

"Ƙarya kakai, ɗan rediyo. Cikin ranar ga?"

Si Ahmad ya ga muna musu, ya tambayi dalili. Da ya ji, sai ya ce ai surukinsa Brahim yana wani ƙauye a gindin duwatsun, yana kiwon awaki, yana kuma yi wa baƙi ja-gora. Mu je mu kwana, mu taɓa da hannunmu.

Motar haya ta yi ta zagaya da mu gefen dutse har kunnuwanmu suka toshe. Ƙauyen an gina shi da dutse da jar ƙasa, gida bisa gida, kamar an jingina su da tsauni. Itatuwa sun yi fure fari da ruwan hoda, ruwa na gudu a kowace kwata, mai sanyin da ke sa haƙora ciwo. Brahim dogo ne siriri, zai yi shekara hamsin, ba ya da yawan magana. Harshensu na gida daban ne da Larabci, amma ya yi karatun allo, don haka muna fahimtar juna idan ya yi magana a hankali. Mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai zane a haɓa, ita ce ke riƙe da gidan. Ta ba mu ɗaki da barguna masu nauyin buhun gero.

Da la'asar Mamman ya tsaya a ƙofar gida yana kallon hanyar da ta hau dutse. Mutane na saukowa: samari, Turawa, har da wata tsohuwar Baturiya ita kaɗai da sanduna biyu.

"Tambaye shi, mi suka zuwa nema ciki?"

Brahim ya ce ba komai, tafiya kawai.

"Tambaye shi, babu ɓarayi?"

Brahim bai gane ba. Na sake bayani, na ce masu bindiga, masu ɗauke mutane. Ya dube ni ya dubi dutsen, ya ce a can sama babu kowa sai awaki da Allah.

Mamman bai yi wasa a kan wannan ba. Ya daɗe yana kallon hanyar. Gonarsa ta gado tana bayan Galadi, kusa da daji, kuma shekaru ke nan bai taka ta ba. Can ya ce, "Gobe sai na shiga dajin ga. In tai in dawo, ba wanda ya ce mani kanzil."

Brahim ya ce babu laifi, amma da an sallame asuba za mu kama hanya. Ya ce yanzu lokacin narkewa ne. Da sassafe ƙanƙara tana da tauri, tana ɗaukar mutum. In rana ta hau sai ta saki.

Na fassara kalma da kalma.

Da asuba muka yi alwala da ruwan da tsohuwa ta ɗumama mana, muka yi salla, Mamman ya leƙa waje ya dawo da gudu ya shige bargo.

"Wane mahaukaci ka hita cikin sanyin ga? A bari hantsi ya hito."

Na ce Brahim ya ce rana ce matsalar.

"Brahim yac ce ko kai kac ce? Tun da anka halicci duniya, mai jin sanyi hantsi shika jira. Kai dai so kakai in daskare ka gaji babur ɗina."

Gaskiya ni ma jikina ya fi yarda da maganarsa. A wurinmu sanyi ne abokin gaba, rana ce magani. Brahim ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki da jakarsa a baya, ya ga baƙonsa a cikin bargo. A al'adarsu ba a gaggauta baƙo. Ya ajiye jakar, ya je ya kawo shayi da burodi da man zaitun. Sai da rana ta haskaka kwarin gaba ɗaya muka fita. Brahim ya ce ba za mu kai mashigar tsakanin duwatsu da ya yi niyya ba, za mu tsaya a bukkokin makiyaya da ke ƙasa da ita mu juyo. Ya ba mu aron takalma masu nauyi, da sanduna, da baƙin tabarau.

A bakin ƙauye akwai shingen jandarmomi. Suka karɓi fasfo suka duba, suka ce mu sanar da su in mun sauko. Mamman ya tsaya yana jiran sauran magana. Babu saura. Suka ce Allah ya kiyaye.

Farkon tafiyar tsakuwa ce da duwatsu, alfadarai na wuce mu da kaya. Waɗanda suka fita da asuba har sun fara dawowa, wandunansu a jiƙe, suna kallonmu da mamaki. Sannan muka zagaya wani lungu, sai ga ta a gabanmu, tun daga ƙafafunmu har inda ido ya tsaya.

Na sha karanta "dusar ƙanƙara" a labaran duniya, na ɗauka wani abu ne mai laushi kamar garin rogo. Wannan ba haka take ba. Kaushi gare ta kamar gishirin Bilma da aka jiƙa, tana da nauyi, tana zubar da ruwa in ka matse. Mamman ya durƙusa ya ɗebo cike da hannu biyu, ya sa a baki, ya ɗora saura a kai ƙarƙashin hula.

"La ilaha illallahu. Abin da yara ka layi kansa Ƙaura, ga shi nan zube ba mai shi!"

Abin da ban zata ba shi ne zafi. Muna tsaye a kan ƙanƙara, gumi na zuba, rana na dukanmu daga sama, haskenta kuma na dawowa daga ƙasa ya ƙona ƙarƙashin haɓa. Na cire tabarau sau ɗaya, hawaye suka zubo, na mayar.

Da farko tana ɗaukarmu. Brahim na gaba, ya ce mu sa ƙafa daidai inda ya cire tasa. Da muka ƙara hawa sai ta fara saki. Ka taka nan ta riƙe, ka taka gaba ta riƙe, ka sake takawa sai ka ji ƙafa ta wuce har gwiwa ba sanarwa. Ka zaro ta da ƙyar, ɗayar ta nutse. Babu yadda za ka gane wurin da zai riƙe da wanda zai ci amana, duk fari ne iri ɗaya. Mamman ya fi mu nauyi, don haka ya fi mu nutsewa, amma dariya kawai yake yi. In ya faɗi sai ya kwanta ya ɗaga hannu yana ihu, "Wayyo, bawana, zo ka ɗauki ubangidanka!" In na zo sai ya watsa mini ƙanƙara a wuya. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba tun da aka fara tashin hankali a yankinmu.

Mun kai bukkokin, Brahim ya dafa shayi a ɗan risho, muka yi azahar a kan wani falalen dutse. Bai bari mun huta sosai ba. Yana ta kallon rana yana kallon gangaren da muka hawo.

Saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba. Ƙanƙarar ta zama kamar kunun da ya kwana. Inda muka nutse har gwiwa da safe, yanzu har cinya ne. Dariyar Mamman ta ragu, numfashinsa ya yi nauyi. Muka iso wani kwari mai faɗi inda manyan duwatsu baƙaƙe suka leƙo daga cikin farin. Brahim ya tsaya ya juyo. Ya ce a nan akwai rafi a ƙarƙashinmu, mu bi tsakiyar fili inda zai bi, kada kowa ya kusanci duwatsun. Ya ce baƙin dutse yana shan rana ya narkar da ƙanƙarar da ke jikinsa daga ciki, sama ta zama murfi, ƙasa rami.

Na fassara, ban rage ko kalma ɗaya ba.

Mamman ya dubi filin da muke ta nutsewa a ciki, ya dubi duwatsun. Mutum ne da ya yi shekaru yana ƙetare gulbi da fadama da damina, da babur da kayan fata. Abin da ya sani, wanda kuma gaskiya ne a ƙasarmu, shi ne: in ƙasa ta yi laushi ka nemi gindin dutse ko saiwar itace, nan ne tauri.

"Kai, ɗan rediyo, ni zaka koya ma taɓo? Wa ka barin dutsi ya bi laka?"

"Ba ni na ce ba, shi ya ce."

"Kullum shi yac ce. Da sahe shi yac ce, yanzu shi yac ce. Bi shi kai, matsoraci. Mu haɗu ƙasa."

Ina ganin da Brahim ya iya Hausa ya faɗa masa da bakinsa, da ya bi. Amma maganar ta bakina ta fito, kuma a wurin Mamman bin maganata faɗuwa ce a wasan da muka yi shekara arba'in muna yi. Ya ratse hagu, ya nufi wani dutse mai girman rumbu. Brahim ya daka masa tsawa da harshensu. Mamman ya ɗaga masa sanda yana murmushi, ya kai hannu zai dafa dutsen.

Babu wata ƙara mai yawa. Wani ɗan sauti ne kamar an taka busasshiyar ƙwarya, sai na ga Mamman ya rage tsawo. Ƙafarsa ta dama ta shige gaba ɗaya har kwankwaso, ta hagu ta lanƙwashe a sama, ƙirjinsa ya bugi dutsen.

"Wayyo! Zo!"

Na tsaya ina jiran ya watso ƙanƙara. Brahim ne ya wuce ni, yana jan ciki kamar ƙadangare don kada shi ma ya burma. Da na ga haka na bi shi.

Fuskar Mamman ta canza launi. Ya ce takalmin ya maƙale a ƙarƙashin dutsen, kuma akwai ruwa, ruwa na gudu a kan ƙafarsa. Da muka yi shiru sai na ji shi da kunnena, yana kwarara a can ƙasa. Na yi abin da kowa zai yi a gida in babur ya kafe: na kama hannuwansa na ja da ƙarfi. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Brahim ya buge hannuna. Ya ce kowane ja, kowane motsi, ƙara danne ƙanƙarar yake yi a jikin ƙafar, tana kamawa kamar siminti. Tono za a yi. Kuma a yi sauri, domin ƙafar da ke cikin ruwan nan ba za ta daɗe tana raye ba.

Mamman bai daina fizge-fizge ba. Yana turo dutsen, yana murɗa jiki, yana salati. Na ce masa ya tsaya, bai ji ba. Na sake faɗa, ya ce in rufe masa baki. Sai na riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Yaya Mamman. Don girman Allah, Yaya, kak ka ƙara motsi. In ka motsa ƙahwar ga tahiya za ta yi."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa Yaya ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan jikinsa ya saki, ya kwantar da kansa a jikin dutsen ya yi tsit.

Ba mu da shebur. Brahim yana da ɗan gatarin ƙanƙara, ni kuma ya miƙo mini farantin shayi. Muka fara tono daga gefen gangare, shi yana sara, ni ina kwashewa. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ta fi yashi nauyi, kuma in ka kwashe faranti ɗaya rabinsa ya gangaro ya koma. Yatsuna suka yi ja, suka yi zafi, sannan na daina jin su. Inuwar tsauni ta fara rarrafowa ta kwarin, kuma da ta iso kanmu sai gumin da ke jikina ya koma kamar an zuba mini ruwan randa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san dai mun ga gwiwa, mun ga ƙwauri, kuma a tsakanin nan Mamman ya faɗi maganar da ta fi ihunsa tayar mini da hankali.

"Ta daina ciwo," in ji shi a hankali. "Ban jin ta."

Na faɗa wa Brahim. Sai ya ƙara saurin sara. Daga ƙarshe ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu da kai cikin ramin, ya yanke igiyar takalmin da wuƙa. Muka zaro ƙafar, takalmin ya zauna a can. Yana can har yau, sai dai in rafin ya tafi da shi.

Da aka cire safar, ƙafar ta yi fari-fari kamar ta wanda ya kwana cikin ruwa, yatsun sun yi tauri. Na kai hannu zan murza, Brahim ya hana. Ya ce in ɗaga rigata. Ya ɗauki ƙafar ya manna ta a fatar cikina, ya ja rigar ya rufe. Sanyinta ya ratsa ni har baya, na kasa numfashi. Haka muka zauna a kan jakar Brahim, ni rungume da ƙafar Mamman. A gida da wannan ya ishe shi tsokanata har tsufa. Ko kallona bai yi ba.

Brahim ya sa masa busasshiyar safa, ya naɗe ƙafar da rawaninsa da leda. Muka sa shi a tsakiya, hannu ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyan Brahim, gwiwar ma ta gurɗe. Muka bi tsakiyar fili. Mun nutse, mun faɗi, mun tashi, har muka kai inda tsakuwa ta fara. A nan Brahim ya kira wani maƙwabcinsa a waya ya hawo da alfadari.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Akwai murhu a tsakar ɗaki, garwashi ya yi ja. Mamman na ganinsa ya ja jiki zai miƙa ƙafar a kai. Tsohuwar ta yi masa wata tsawa da ba ta buƙaci tafinta ba, ta tare shi da muciya. Brahim ya ce ƙafar da ba ta ji za ta iya gasuwa mai ita bai sani ba. Tsohuwar ta kawo ruwa a kwano, ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu kamar za ta yi wa jariri wanka, ta sa ƙafar a ciki. In ya huce ta ƙara kaɗan. Brahim ya ce mini a hankali, in zafi ya zo, alheri ne. In bai zo ba, yau ɗin nan za mu nemi mota zuwa asibiti, kuma kada in yi masa alkawarin yatsun.

Wannan ban fassara ba. Mamman bai tambaya ba.

Muka zauna muna kallon ƙafa a cikin kwano. Tsohuwar na jan carbi. Can na ga babban yatsan ya fara sauya launi, sannan na kusa da shi. Mamman ya cije leɓe. Ya damƙi bargo. Sai ya fashe da ihu, yana cewa wuta, wuta, an sa masa allurai, a cire, a cire. Ƙato mai 'ya'ya da jikoki yana kuka da hawaye, mu kuwa uku muna kewaye da shi muna ta alhamdu lillahi. Tsohuwar har da guɗa.

Washegari likita a Marrakesh ya duba, ya ɗaure gwiwar, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Huɗu suka amsa. Ƙaramin bai amsa ba. Ya ce ba za a yanke komai ba, amma jijiyar wannan ta sha wuya, wataƙila ji ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Ƙafar ta kumbura, don haka da takalmi ɗaya da silifa ɗaya Mamman ya hau jirgi.

Gwiwar ta warke kafin ruwan farko. Yana hawa babur, yana cin kasuwanninsa. Kwanan baya na je Galadi gaishe da kawuna, na tarar da Mamman zaune a zaure, ƙafar a kan turmi, maiɗakinsa ta aiko da ruwan zafi da tsumma. Ya dawo daga gonar bayan gida ne, ya shiga har tsakar gida yana ba da labari, sai ita ta ga jini a sawunsa. Ƙayar aduwa ce, doguwa, ta shiga ƙaramin yatsan ta fito ta gefe. Da ita ya yi yini yana noma.

Ya miƙo mini ƙayar a tafin hannu. Na karɓa na juya ta.

"Ko kaɗan ba ka ji ba?"

"Ko kaɗan," in ji shi. Ya taɓa yatsan da ɗan yatsansa na hannu, ya danna, ya saki. "Ga rana, ga zuhwa, jikina duk shina nan Galadi. Wanga ɗaya har yau bai sauko ba."